Ciwon baya da lodin buhu

Ɗan Sharaɗa: Salam 'yan uwa, lodi nake a kamfanin shinkafa, buhu mai kilo 50 tun safe har la'asar, yanzu ko ruku'u da ƙyar, ya ake gane ko aikin ne ya jawo?

Injiniya: Malam ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, sau nawa kake ɗagawa, daga ƙasa ko daidai ƙugu, kana murɗa jiki ko a'a. A ma'aunin NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, kilo 23 ne iyaka, shi ma sai in komai ya daidaita.

Baban Hanif: Ku riƙa kamawa ku biyu mana.

Ɗan Sharaɗa: Buhu buhu ake biya wallahi, kowa sauri yake.

Injiniya: To in ciwon ya fara sauka ƙafa ko tana mutuwa, asibiti kawai, bar maganin kemis.