Sifana ta suɓuce min daga saman bene, ya kuke yi da kayan aiki?

Ɗan Sola: Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Aikin saka sola na karɓa a wani gida mai hawa uku nan Kano, mai gidan ɗan uwan matar yayana ne shi ya sa ma na yi masa ragi, ya ba ni rabin kuɗi ya ce sauran sai wuta ta kama, ga shi na ci bashin waya da ƙarafa a Ƙofar Ruwa, yaron da ke miƙo min kaya kuma ya tafi ƙauye biki bai dawo ba, wayarsa ma ba ta shiga. To jiya ina cikin ɗaure fanel sai sifana ta zame a kan kwano, ina jin ƙararta har ta wuce baki, ta faɗa tsakar gida ta fasa bahon wata 'yar haya da ke wanke-wanke, ɗanta na zaune gefenta. Wlh har yanzu gabana faɗuwa yake. Matar ta rantse in na sake hawa sai ta kai ni gun mai unguwa. Ga aiki bai ƙare ba. Ya zan yi?

Baba Kafinta: Allah ya kiyaye gaba ɗana. Amma a hannunka take ko ajiye ta ka yi a kan kwanon? Ba ka faɗa ba. Ni buhun siminti nake yankewa in ɗinka jaka in rataya, ƙusa da guduma duk ciki.

Oga Sefti: Malam ka gode wa Allah baho ta samu. Hawa uku wajen mita 10 ne, abin da ya faɗo daga nan kafin ya taɓa ƙasa gudunsa ya kai kilomita 50 a awa, to ƙarfe ne fa, kan yaro kuma ba baho ba ne. Abin yi a bayyane yake, duk abin da zai hau sama a ɗaure shi tun a ƙasa. Sifana mai zobe ka zura igiya ta zoben, filaya da sukundireba ka naɗe igiyar a mariƙi ka bi da salatif mai ƙarfi, ɗaya bakin a jikin bel ɗinka. Amma abin da ya wuce kilo 2 kar ka kuskura ka ɗaura a ƙugu, in ya faɗi da kai zai tafi, a jikin ƙarfen da ka riga ka kafa za ka ɗaure shi. Noti da wasa su shiga jaka mai zif, ba aljihu ba. Kaya a ja su da igiya cikin jaka mai rufi, ba a hawa tsani da su a hannu. Kuma ƙasa ba kowa, a kewaye wurin.

Mai Walda: Oga duk mun ji, amma wa zai saya? Ni wanda nake wa aiki ko hular kwano ɗaya bai taɓa saya mana ba, da na yi magana cewa ya yi in tsoro nake ji in koma sayar da rake. Satin da ya wuce ma kuɗin abinci sai da muka yi rigima.

Ɗan Sola: Baba ajiye ta na yi amma na sakan biyu ne, kowa haka yake yi, hannu biyu gare ni ga fanel ga iska. Oga ni fa na daɗe a aikin nan abu bai taɓa faɗo min ba, wannan tsautsayi ne kawai. Kuma gidan haya ne ɗaki-ɗaki, famfo ɗaya a tsakar gida, wa zan kora?

Na Bene: Rabu da zancen igiya, ka ɗaura biyar a ƙugu ka zo ka harɗe ƙafa ka faɗo kai da kanka. Ka yanki robar tib ɗin babur ka ɗaura sifanar a wuyan hannu shikenan, in ba haka ba ka hau da asuba kafin mata su fito.

Oga Sefti: Da asuba kwano da raɓa? So kake ya bi sifanar? Kuma robar tib rana tana cinye ta, ran da za ta tsinke ba ta sallama, in ma ba ta tsinke ba ta dawo maka da ƙarfe a fuska. Ba cewa na yi ya hau da shago gaba ɗaya ba, biyu ko uku da yake buƙata, igiyar kuma gajera iya miƙewar hannu. A Amurka har ƙa'ida suka fitar a 2018 kan igiyoyin nan, kowacce da nauyin da aka rubuta mata, ba wasa ba ne.

Mai Walda: Nan ba Amurka ba ce oga. Amma gaskiya ɗaya, giranda da injin huda kar a bar igiya tana lilo kusa da bakinsu, naɗewa take.

Maman Haya: Ni ba ma'aikaciya ba ce amma a gidan haya nake. Ka biya matar nan bahonta kuwa? Ka ba ta haƙuri? Mu ma haka masu saka dish suka jefo mana guntun ƙarfe ko sannu babu. In ka faɗa musu lokaci tun dare, awa biyu za su riƙe yaransu a ɗaki, ba wadda ke son gawa.

Ɗan Sola: Hajiya ai ba ta tsaya ta saurare ni ba, zagi ta hau yi. Bahon ma tsoho ne. Oga in na tsaya ɗaure-ɗauren nan aikin yini sai ya zama na kwana biyu, mai gidan kuma kira yake ta yi.

Oga Sefti: To me ka zo tambaya?

Ɗan Sola: Ina nufin ko akwai wata hanya mai sauƙi. Waccan jakar mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a hannu fa, tana riƙe sifana? Nawa take a Sabon Gari?

Na Bene: Noti kawai take riƙewa. Wai yaron naka yaushe zai dawo?