Yaya ake kulle fayil ɗin Access kada ma'aikata su yi masa ɓarna?

Mai_Sito:
Assalamu alaikum. Rumbun bayanai ne na manhajar Microsoft Access, fayil ɗaya .accdb a foldar da mutum shida ke shiga. Aikinsu shigar da kaya ta fom kawai, amma sai a tarar an goge layi a tebur ko an sauya fasalin fom. In aka mai da foldar ta karatu kawai, shi ke nan?

Injiniya_Kt:
Wa alaikumus salam. A'a Malam, kada ka yi haka. Duk sanda aka buɗe fayil ɗin, Access na ƙirƙirar wani ƙarami mai suna .laccdb a gefensa, da shi yake sanin wa ke riƙe da wane layi. In ka hana izinin rubutu, shigar da kayan ma ta tsaya.

Raba shi biyu za ka yi. Shiga Database Tools, ka danna Access Database: tebura su koma sabon fayil da zai zauna a foldar, fom da rahoto su rage a na asali, da mahaɗan da ke haɗa su da teburan. Shi na biyun ka mai da shi ACCDE ta Save As, ka ba kowa kwafinsa a kwamfutarsa. ACCDE na cire rubutun VBA (harshen rubuta umarni na Access) da ake iya karantawa, amma umarnin na ci gaba da aiki, ya kuma hana taɓa fasalin fom da rahoto. Ka adana asalin .accdb da kyau, don babu hanyar dawowa. Wanda aka haɗa da Office mai 64-bit kuwa ba ya buɗuwa a mai 32-bit.

Hajiya_Data:
Ƙarin bayani kan na Injiniya: ACCDE bai kulle tebura ba, nan ne mutane ke ruɗuwa. A saitin Access, ka cire alamar Display Navigation Pane da Use Access Special Keys, in ba haka ba F11 kaɗai ya fito da su. Sai maganar Shift. Wanda ya danne shi lokacin buɗewa ya tsallake duk wannan, sai ka sa AllowBypassKey ya zama False ta VBA. A fom ɗin kuma Allow Deletions ya koma No.

Mai_Sito:
Na gode, Hajiya. Kalmar sirri fa?

Injiniya_Kt:
Sa ta a fayil ɗin da teburan ke ciki, bayan ka buɗe shi da Open Exclusive, sannan ka goge tsofaffin mahaɗan ka sake haɗawa. Amma ka sani Access na ajiye kalmar cikin bayanin mahaɗin ba tare da ɓoyewa ba, mai ido zai gano ta. Tun Access 2007 aka cire ba kowane mutum izininsa a tsarin .accdb, kuma duk mai izinin gyara a foldar zai iya kwashe fayil ɗin a filasha ko ya goge shi ɗungurum. Abin da muka lissafa, ɓarnar kuskure kawai yake tarewa. In mai ganganci kake tsoro, mai da teburan zuwa SQL Server Express, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, kyauta ce, ka hana ma'aikatan izinin DELETE (gogewa) daga can. Kafin nan, kwafi kullum da yamma, a wurin da hannunsu bai kai.