Bilkisu, Balkisu ko Bilƙis: wanne za a raɗa?

Baban jaririya: Assalamu alaikum. Suna ranar Asabar in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba a ƙofar gida. Sunan Hajiya za a mayar, Bilkisu.

Auta: Allah ya raya, Yaya. Amma kafin a kayar da rago, ka san sunan nan babu shi a Alƙur'ani? Har na ga wasu masana na cewa asalinsa kalmar Girkanci ce, pallakis, wato ƙwarƙwara. Ni da Maryam aka sa.

Gwaggo: Auta, sunan uwar da ta haife ka kake yi wa wannan fassara? Ka iya bakinka.

Kawu: Bar shi, Gwaggonsu, rabin maganarsa gaskiya ce. Labarin sarauniyar Saba'u yana cikin Suratun Namli, aya ta 22 zuwa ta 44. Alhudahuda ya gaya wa Annabi Sulaimanu cewa ya tarar da wata mace tana mulkinsu, tana da gadon sarauta mai girma. Ba a faɗi sunanta ba, malaman tafsiri da tarihi irin su Ɗabari ne suka kawo Bilƙis. Sai dai Auta, mace ɗaya tak aka ambata da sunanta a Alƙur'ani, Nana Maryam. In wannan ne ma'auninka, ka soke A'isha da Fatima da Hadiza, mu ga wa zai rage a gidan nan.

Auta: Na yarda, Kawu. To batun Girkancin fa?

Yaya Babba: Hasashe ne, ƙanena, kuma ba shi kaɗai ba ne. Wasu cewa suka yi daga Nikaulis ya fito, sunan da Josephus, Bayahuden marubucin tarihi na ƙarni na 1, ya danganta wa sarauniyar. Wai da aka rubuta shi da baƙaƙen Larabci, bambancin harafin nun da harafin ba ɗigo ne kawai, sai masu kwafa suka sauya. Ka ga zance biyu, kowanne na ture ɗan'uwansa, kai kuma ka zaɓi mai ɗacin ka kawo mana. Habashawa Makeda suke ce mata. A Ma'arib ta Yaman kuwa har yau akwai kangon tsohon wurin bauta da mutanen wurin ke kira Mahram Bilƙis. Duk wanda ya sa wa 'yarsa sunan nan, matar da ta miƙa wuya ga Allah tare da Annabi Sulaimanu a aya ta 44 yake nufi.

Ɗan Gwaggo na Maraɗi: Mu nan Balkissa muke rubutawa a takardun makaranta, tsofaffi kuma su ce Balki. Wa ya yi daidai?

Kawu: Abin da ya shahara a wurin malaman lugga Bilƙis ne, da wasali ƙasa.

Auta: Yauwa! Ashe har Hajiya an daɗe ana ɓata mata suna. A takardar haihuwa a rubuta Bilqees, a cire wannan "u" ɗin na ƙauye.

Kawu: Wannan "u" da ka raina rufu'a ce, yaro. Balarabe ma in ya cika i'irabi, wato wasalin ƙarshen kalma, Bilƙisu zai ce. Daga nan muka samu Zainabu da Maryamu da Usmanu. Kakanninmu a gaban malamai suka ɗauko sunayen nan, ga shi kuma harshenmu ya fi son kalma ta ƙare da wasali.

Yaya Babba: Kuma ƙaf ɗin Balarabe daban, ƙ ɗinmu daban, ko mun rubuta q ba za mu furta irin tasu ba. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editar Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, ta rasu a turmutsutsun Mina na 2015, Bilkisu take rubutawa, duniya ta san ta a haka. Ni abin da nake roƙo a tsaya kan rubutu ɗaya. Ɗiyata takardar haihuwarta Rukayya, ta makaranta Ruqayyah, sai da na yi wata biyu ina zarya da takardar rantsuwa kafin a gyara.

Auta: Har yanzu dai ban ga wanda ya faɗi ma'anar sunan ba.

Kawu: Kai ma Auta ka faɗa mana ma'anar Ibrahim da kake amsawa, ba tare da ka duba waya ba.

Baban jaririya: Bilkisu za a rubuta, da k, kamar yadda yake a fasfon Hajiya.

Gwaggo: Duk wannan dogon zance, a cikinku wa zai iya buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsal a tsakar gida? Kai Babanta Ummi za ka ce, mai jego ta ce Hajiya Ƙarama, ni kuwa Mai Gado zan ce mata. Auta, goro da alewar suna a wuyanka, ka kawo su tun daren Juma'a.