Zawarcin 'yan sakandare ko jiran masu sauya sheƙa: wanne ne yake kawo kofi?

Baban Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina so waɗanda suka riga ni fara bibiyar ƙwallon kwandon mata na jami'o'in Amurka su taimaka mini da fahimtarsu. Kowace shekara kafar ESPN tana fitar da jerin 'yan mata ɗari da suka fi iya wasa a makarantun sakandare, sai ka ga magoya baya suna murna ko suna jimami gwargwadon yawan waɗanda jami'arsu ta samu daga saman jerin, alhali ko ɗaya daga cikin yaran ba ta taka filin jami'a ba tukuna.

Na koma na duba jerin ajin 2020. Paige Bueckers ce ta ɗaya, Angel Reese ta biyu, Cameron Brink ta uku, Caitlin Clark ta huɗu, Kamilla Cardoso kuma ta biyar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne biyu daga cikinsu ba a jami'ar da ta sha wahalar zawarcinsu suka ɗaga kofi ba. Reese ta bar Maryland ta koma LSU, wato jami'ar jihar Louisiana, ta ci kofin 2023, Cardoso kuwa ta bar Syracuse bayan shekara guda ta koma Carolina ta Kudu, inda ta ci kofi sau biyu. Ita kuma Clark, wadda ta fi kowa jawo 'yan kallo, ita kaɗai ce a cikin biyar ɗin ta gama jami'a ba tare da kofin ƙasa ba.

Tambayata ita ce: shin har yanzu akwai hikima a ce koci ya ɓata shekaru yana bin yarinya 'yar shekara goma sha biyar daga gasa zuwa gasa, yana kiran iyayenta, alhali wani kocin zai iya zama ya jira ta goge a wata jami'a sannan ya ɗauke ta?

Ɗan Benci ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. A ganina misalin da ka kawo ya fi goyon bayan jerin fiye da yadda ya rushe shi. Mutanen da suka kalli yara 'yan sakandare suka ware biyar, daga baya huɗu daga cikin biyar ɗin suka ci kofin ƙasa, ta biyar ɗin kuma ta zama wadda ta fi kowa yawan maki a tarihin rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, maza da mata, ai ba za a ce sun yi harbi a duhu ba. Brink ta ci nata tun tana shekarar farko a Stanford a 2021, a wasan da aka tashi 54 da 53 da Arizona.

Ka dubi ƙungiyar UConn, wato jami'ar Connecticut, da ta ci kofin 2025. Bueckers ce ta ɗaya a ajinta, Azzi Fudd ce ta ɗaya a ajin 2021, Sarah Strong kuma ita ce ta ɗaya a ajin 2024, kuma dukansu kocin ƙungiyar, Geno Auriemma, ya ɗauko su ne kai tsaye daga sakandare. A wasan ƙarshe sun doke Carolina ta Kudu da maki 82 da 59, Fudd da Strong kowacce ta ci maki 24, kuma wannan shi ne kofi na goma sha biyu da kocin ya kai wa jami'ar. Babu wata kasuwar sauya sheƙa da za ta tara maka irin waɗannan ukun a lokaci guda, domin 'yar wasan da ta kai wannan matsayi ba kasafai take barin inda aka gina ƙungiya a kanta ba.

Akwai kuma abin da masu zuwa daga ƙwallon maza suke mantawa. A ɓangaren maza gwani yakan yi shekara ɗaya a jami'a ya wuce NBA, gasar ƙwararru ta maza, amma ƙa'idar WNBA, gasar ƙwararru ta mata, ta ce 'yar wasan da ta fito daga jami'ar Amurka sai ta cika shekara 22 a shekarar da za a ɗauke ta, ko kuma ta kammala karatunta. Saboda haka kocin da ya samu ta ɗaya a jerin, kuma ya iya riƙe ta, shekara huɗu ya samu. Tarihin Carolina ta Kudu ma a kan haka ya ginu, domin ranar da A'ja Wilson, 'yar jihar, ta zaɓi ta zauna a gida wajen koci Dawn Staley a 2014, ranar ce ƙungiyar ta tashi daga mai kyau ta koma mai neman kofi, kuma suka ci na farko a 2017. Yau gunkin Wilson yana tsaye a ƙofar filin wasansu.

Maman Sadik ta amsa:

Malam Ɗan Benci, na yarda da kai cewa masu jerin sun san aikinsu, amma ina ganin ku biyun kuna kallon saman jerin ne kawai, alhali amsar tambayar tana can wajen 'yar wasa ta shida da ta bakwai da ta takwas a ƙungiya. Ni mai goyon bayan Iowa ce, jami'ar da Clark ta buga wa, kuma wasan ƙarshe na 2024 da Carolina ta Kudu ya koya mini wannan darasi ta hanyar da ban so ba.

Clark ta ci maki 18 a zangon farko kaɗai, har na fara tunanin yadda za a yi bikin. Amma Staley ta ci gaba da sako sababbin ƙafafu daga benci, mu kuwa waɗanda suka fara wasan su ne dai suke ta gudu. An tashi 87 da 75, 'yan bencin Carolina ta Kudu sun ci maki 37, namu ba su ci ko ɗaya ba, kuma Cardoso ita kaɗai ta cafke ƙwallo 17 daga cikin waɗanda suka kuskure kwando. Wadda ta fi cin maki a ɓangarensu ma, Tessa Johnson, 'yar shekarar farko ce da ta shigo daga benci ta ci 19. Kada kuma a manta cewa wannan ƙungiya ta rasa dukan 'yan wasa biyar da suke fara mata wasa a kakar da ta gabata, amma ta buga wasa 38 ba a doke ta ko sau ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Raven Johnson, 'yar wasan Carolina ta Kudu. A wasan kusa da na ƙarshe na 2023, wanda muka ci su 77 da 73, Johnson ta riƙe ƙwallo a bayan layin maki uku, Clark ta tsaya can nesa ta kaɗa mata hannu, wato jefa mana in kin isa, kuma hoton ya zagaya ko'ina. Yarinyar da aka yi wa haka a gaban miliyoyin mutane tana da damar tattara kayanta ta nemi wata jami'ar da za ta fara sabuwar rayuwa, amma ta zauna. Bayan shekara guda, ita aka ɗora wa tsaron Clark a wasan ƙarshe, kuma ana dab da tafiya hutun rabin lokaci ta zare ƙwallo daga hannun Clark a tsakiyar fili ta ruga ta zura ta a kwando. Na san a lokacin nan wasan ya juya, ko da yake tazarar maki uku ce kawai. Irin wannan ba a jerin ESPN ake ganinsa ba, kuma ba a sayo shi daga wata jami'a, sai dai a raine shi a gida.

Game da Clark kuma, Baban Hanifa, ban yarda rashin kofi ya rage mata komai ba. Ta gama da maki 3,951, ta wuce tarihin yawan maki na ɗan wasan maza Pete Maravich da ya tsaya tun 1970, ta kai Iowa wasan ƙarshe sau biyu a jere tare da abokan wasan da manyan jami'o'i ba su yi rububin su ba, kuma wasan ƙarshen 2024 ya samu masu kallo kusan miliyan 19, fiye da na maza a wannan shekarar. Da ta tafi Notre Dame kamar yadda ta fara niyya, wataƙila da ta samu kofi, amma ina shakkar a ce koci zai sakar mata ƙwallo kamar yadda kocinta a Iowa, Lisa Bluder, ta yi.

Alhaji Mai Lissafi ya amsa:

'Yan'uwa, misalan da kuke kawowa duka daga jami'o'i uku ko huɗu ne da kowace yarinya take mafarkin zuwa, don haka bari in ja hankalinku ga dokokin da suka sauya, domin su ne suka haifi tambayar Baban Hanifa. Hukumar NCAA ta buɗe rajistar masu neman sauya sheƙa a 2018, amma a lokacin wadda ta sauya jami'a sai ta zauna shekara guda ba ta buga wasa ba, in ba an yi mata rangwame na musamman ba, kuma wannan zaman ne yake hana mutane motsi. A watan Afrilun 2021 aka ɗage wannan sharaɗi ga sauyin farko, a farkon Yulin shekarar kuma aka halatta wa 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A 2024 aka ɗage iyakar yawan sauyin, sannan a Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya bai wa jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga dukan wasannin jami'ar, wanda mafi yawansa ƙwallon ƙafar Amurka ne yake lashewa.

Ma'anar wannan ita ce zawarci ba ya ƙarewa ranar da yarinya ta sa hannu. Koci yana sake zawarcin 'yan wasansa duk ƙarshen kaka. Lauren Betts ce ta ɗaya a ajin 2022, Stanford ta same ta, ta yi shekara guda mafi yawanta a benci, ta koma UCLA, kuma a 2025 ta kai su zagayen 'yan huɗu na ƙarshe. Wannan ya rushe maganar Malam Ɗan Benci cewa ta ɗaya ba ta tafiya. Ita kanta Staley da Maman Sadik take yabo a kan raino, a 2025 ta rasa MiLaysia Fulwiley, 'yar garin da jami'ar take, wadda ta koma LSU wajen koci Kim Mulkey, ta kuma ɗauko Ta'Niya Latson daga Florida State, wadda ta fi kowa yawan maki a kowane wasa a faɗin ƙasar a wannan kakar. Ko ƙungiyar 2024 da ba a doke ta ba, da Cardoso da Te-Hina Paopao, wadda ta zo daga Oregon, dukansu masu sauya sheƙa ne.

Waɗanda nake tausaya wa su ne ƙananan jami'o'i. Koci ya gano yarinyar da babu wanda ya kula da ita, ya gyara mata jifa na shekara biyu, da zarar ta yi fice sai babbar jami'a ta yi mata tayin da ba zai iya kamo ƙafarsa ba. Duk da haka ban ga laifin yaran ba, domin kociyoyi sun daɗe suna barin ƙungiya a tsakiyar kwantiragi saboda albashi mai tsoka ba tare da an ce su zauna shekara guda ba.

Ɗan Benci ya sake amsawa:

Alhaji, na karɓi gyaran da ka yi mini a kan Betts. Sai dai ka lura cewa waɗanda ake rububi a rajistar, irin su Reese da Cardoso da Betts, su ne dai waɗanda suke saman jerin tun suna sakandare, kuma sau da yawa yarinya takan koma wajen kocin da ya taɓa zawarcinta ta ƙi shi a karon farko. Wanda ya zo na biyu a zawarcin yau yana iya zama na farko bayan shekara biyu, saboda haka shekarun da Baban Hanifa yake ganin an ɓata ba su faɗi ƙasa banza ba.

Abin da babu jerin da yake iya hangowa shi ne rauni. Bueckers ta tsinke jijiyar gwiwa a Agustan 2022 ta rasa kaka guda cur, Fudd ma ta sha irin wannan a ƙarshen 2023, shi ya sa sai a 2025 aka ga su biyun sun kai ƙarshen kaka tare cikin ƙoshin lafiya. JuJu Watkins kuwa, ta ɗaya a ajin 2023 da ta zauna a garinsu Los Angeles ta buga wa USC, tata gwiwar ta tafi a zagaye na biyu na gasar 2025, lokacin da ƙungiyarta take cikin waɗanda ake sa wa ran kofi.

Baban Hanifa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, 'yan'uwa, musamman Maman Sadik, domin na sake neman hoton ƙwacen da Raven Johnson ta yi, na kalle shi har sau uku. Maganar Malam Ɗan Benci ta ƙarshe ce ban taɓa tunaninta ba, cewa koci yana iya ci gaba da kyautata wa yarinyar da ta ƙi shi domin gobe. Amma hakan ya haifar mini da wata tambayar, Alhaji: tun da doka ta hana koci tuntuɓar 'yar wasan wata jami'a kafin ta shigar da sunanta a rajistar, yaya aka yi wasu suke shiga yau, kafin mako ya zagayo sun riga sun sanar da inda za su koma?