Sabon fasto zai iya ɗaura aure? Waɗanne takardu ake bukata?

Magatakarda_Kaltungo:
Salama a gare ku, iyayena da ’yan’uwa. Tambaya ce kan ƙaramar ikkilisiyar ɗariƙar ECWA a ƙauye, wadda aka turo wa fasto bai daɗe da gama makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Ga matasa biyu suna son aure a Disamba bayan girbi, an riga an biya sadaki. Shi faston zai iya ɗaurawa? Kuma sanarwar da ake yi a sujada Lahadi uku a jere ta wadatar, ko da wata takarda ta gwamnati?

Rabaran_Billiri:
Ɗana, bari in fara da ta biyun, don nan aka fi tuntuɓe. Sanarwar Lahadi uku tsarin ikkilisiya ce, tana da amfani, amma ba ta maye gurbin sanarwar da Dokar Aure ta Najeriya ta ce a yi ba. Ɗaya daga cikin masu auren zai je ofishin rajistar aure ya cika Fom A, wato takardar sanarwar aure. Za a manna sanarwar, a jira kwana 21 ko wani zai kawo ƙorafi. Idan ba a samu ba, sai rajistara ya ba da Fom C, wato takardar da ke ba da izinin ɗaura auren, bayan an yi rantsuwa cewa ɗayansu ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, kuma babu wanda yake da wani aure a kansa. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da izinin mahaifi a rubuce, ko na mahaifiya idan mahaifin ya rasu.

Fom C ɗin nan shi ne mabuɗi. Doka ta hana mai hidima ɗaura aure sai an danƙa masa shi a hannu. Kada ya yarda da “za mu kawo ranar Litinin”.

Ku lura da lissafin kwanaki. Idan an cika Fom A ranar 1 ga Oktoba, ba a samun Fom C sai kwana 21 sun cika. Auren kuma dole a ɗaura shi cikin wata uku daga ranar sanarwar. To idan kuɗin masara bai shigo ba aka ɗage biki zuwa bayan Ista, sanarwar ta mutu, sai a koma a cika sabuwa. Masu Disamba su je a Oktoba ko farkon Nuwamba, ba saura mako biyu ba.

Batun faston kuwa, doka ta ce sai mai hidimar da ɗariƙarsa ta amince da shi. Takardar gama makaranta daban, izinin hidima daban. Ya kai maganar wurin LO, wato shugaban ƙaramar majalisar ikkilisiyoyin yankinsu (LCC), tun yanzu. In bai kai matakin ba, Rabaran zai zo ya ɗaura, shi kuma ya riƙe koyarwar masu aure da wa’azi. Ba ragi ba ne, ta haka ake koyon aikin.

Dattijo_Yelwa_Bauchi:
Baba Rabaran ya gama da takardu, ni zan ƙara batun wuri. Ba kowace majami’a ce take da lasisin ɗaurin aure ba. Ma’aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya ce ke bayarwa, kuma ginin ake ba, ba faston ba. Lasisin babbar majami’a a gari bai rufe ’yar majami’ar ƙauye da ta haifa ba. Ku duba akwatin takardun ikkilisiya, ko ku tambayi sakataren DCC, wato majalisar ikkilisiyoyin gunduma.

Daga nan kuskure na biyu ke fitowa. Majami’a ta yi kaɗan, sai a kafa rumfuna a filin firamare a ce a yi komai a can. A’a. Alkawari da sa hannu a yi su cikin majami’a mai lasisi, ƙofofi a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, gaban shaidu aƙalla biyu ban da mai ɗaurawa. Cin abinci da rawa a kai fili.

Bayan haka a cika Fom E, wato takardar shaidar aure, kwafi biyu. Ango da amarya da shaidu da mai hidima duk su sa hannu nan take. Ɗaya a ba ma’auratan, ɗaya a aika wa rajistara cikin kwana 7. Wannan na biyun ne kan kwana cikin Littafi Mai Tsarki na fasto har a yi masa canjin wurin aiki. A rubuta sunaye daidai da yadda suke a katin ɗan ƙasa, kada a sa Saratu a nan, Sarah a can. Ranar da gwauruwa ta je neman haƙƙin mijinta a wurin aiki, harafi ɗaya kan sa a yi ta mai da ita gida.

Mama_Zumunta_Gombe:
Iyayena maza, kun bar abu guda. Gwajin jini a yi shi tun kafin a kai kaya, ba bayan an ɗinka anko ba. Idan dukansu AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ba wai cikin ’ya’ya huɗu ɗaya kaɗai zai samu ba, kowane ciki lissafinsa daban. A yi na ƙanjamau ma, ma’aikacin lafiya ya yi musu bayani, fasto kuma ya riƙe sirri ko a gaban dattawa. Tun da an riga an biya sadaki a nan, to a yi shi wannan makon.

Sannan matar fasto ko wata uwa ta zauna da yarinyar ita kaɗai, ba ango, ba gwaggo, ta tambaye ta ko da son ranta ne.

Magatakarda_Kaltungo:
Na gode, Baba da Mama. To idan aka tarar majami’ar ba ta da lasisi fa?

Rabaran_Billiri:
Hanya biyu ce. Ko a kai ɗaurin auren majami’a mai lasisi ta ɗariƙarsu mafi kusa, ko su ɗaura a gaban rajistara, su dawo ikkilisiyarsu a sa musu albarka. Idan ba a bi ko ɗaya ba, abin da ke hannunsu auren gargajiya ne da aka yi wa addu’a. Aure ne, amma a faɗa musu gaskiya, kada a miƙa musu kati mai zanen zobe su ɗauka Fom E ne. Kuma dattawa su binciki angon a garinsu. In yana da matar gargajiya da ba su rabu ba, auren doka da wata ba ya ɗauruwa, kuma laifi ne mai ɗaurin shekara 5.