Abin da na tsinta a hirar dauko sabuwar babbar mota daga Ikko

Jiya a majalisarmu ta bakin tashar Gaya aka yi ta muhawara kan yadda ake kawo sabuwar tifa ko kan tirela, wato gaban da ke jan bodi, har gida, bari in tattaro muku.

Tsofaffin direbobi suka ce hanya biyu ce, ko a tuko ta da kafarta daga tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can, ko a dora ta a kan lobet, wato doguwar tirelar daukar manyan motoci, wani lokacin ma kai biyu ake goyawa a tafi daya. Goyon ya fi tsada amma mota tana zuwa ba a ci mata taya ba. Mafi yawa dai tukowa suke, to a nan ne rigimar take, domin wani direban sai ya tsaya ya yi lodi a hanya ya karbi kudin aljihunsa da motarka sabuwa fil, shi ya sa aka ce ka dauki hoton mitar kilomita kafin ta tashi kuma ka sa yaronka a ciki, ni dai wannan ta fi kwanta min. Gas ma a auna shi, ana zuka.

Takardun kwastan su zama a hannu, lambar shasi ta dace da ta takarda, in ba haka ba za ta kwana a shinge. Wani makaniki ya ce sabon inji ba a matsa masa, a tsaya a hanya a sake daure notin taya a duba ruwa da bakin mai.

Batun hanya kuwa kusan kowa ya ce a bi Lakwaja da Abuja, a bar ta Birnin Gwari, kuma ban da tafiyar dare.