Hutun iyali a tsibirin Mauritius

Baban Yara, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son kai iyali Mauritius a dogon hutun makaranta, mu shida. Dutsen da ke can yana aman wuta? Wace hanya za mu bi?

Malam, Argungu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, Trou aux Cerfs da ke Curepipe ya daɗe da yin shiru, yara ma suna zagaya bakinsa a ƙafa. Mai aman wutar yana maƙwabciyarta Réunion. Ku tashi daga Legas, ku sauya jirgi a Nairobi ko Dubai. Kowa ya riƙe katin rigakafin cutar shawara.

Hajiya, Yauri:
Agusta sanyi ne can, babu guguwa. Lokacinta Nuwamba zuwa Afrilu. Amma iska tana kaɗa gabar gabas, ruwa ya yi wa yara sanyi. Ku kama masauki a arewa ko yamma, Grand Baie ko Flic en Flac. Abincin halal ba wahala, akwai masallacin Juma'a a Port Louis.

Malam, Argungu:
Kuma Alhaji, hannun hagu suke tuƙi. Ɗauki direba kawai.